Shugaban Da Ya Fito Daga Baya

Kowane gidan da ke cin abinci daga albashi ya san sunan shugaban wurin aikin maigida ko na uwargida. Yara ma sun san shi, ko da ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Gama da maraice, sa'ad da aka shimfiɗa tabarma aka kawo tuwo, sunansa yakan shigo cikin hira. "Yau oga ya ce kaza." "Manaja ya hana kaza." In mutumin kirki ne, gidan yakan kwana da daɗi. In kuwa mugu ne, har miya takan rasa ɗanɗano a bakin mutane. Watau wanda aka ba shi shugabancin mutum goma a ofis, ko gareji, ko asibiti, ko makaranta, gidaje goma ne aka danƙa masa, da matansu da 'ya'yansu.

Mu da muka yi shekaru muna aiki a ƙarƙashin mutane iri iri, mun ga masu tsawa, mun ga masu fara'a, mun ga masu tarin takardun makaranta, mun kuma ga waɗanda da ƙyar suke rubuta sunansu. Duk wannan bai taɓa nuna mana wanda za mu amince da shi ba. Muddin albashi yana zuwa a kan kari, aiki kuma yana tafiya sumul, kowane shugaba nagari ne. Amma Hausawa sun ce ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. Saboda haka bari mu leƙa wani wurin aiki inda miya ta ƙare ƙaf, mu ga abin da shugabansu ya yi.

Dutse Ya Toshe Hanya

A ƙasar Cile, can Amurka ta Kudu, akwai wata hamada da ake kira Atakama, tana cikin wuraren da suka fi ƙarancin ruwan sama a duniya. Cikin hamadan nan, kusa da garin Kofiyafo, akwai wani tsohon ramin haƙar tagulla da zinariya mai suna San Hose. Waɗanda kakanninsu suka yi aikin kuza a Bukuru ko Barikin Ladi sun san haƙa ba wasa ba ce. To, wannan rami ya wuce abin da muka saba gani. Hanyar mota ce aka sassaƙa cikin dutse, tana murɗawa tana gangarawa kamar bayan katantanwa, manyan motoci suna shiga suna fita da kaya.

Ran Alhamis 5 ga Agusta 2010, wajen ƙarfe 2 na rana, dutsen ya tsage daga ciki, wani ƙaton ɓangarensa ya zame ya toshe hanyar. Mutum 33 suka rage a ƙasa, zurfin wajen mita 700. Babbansu yana da shekara 63, ƙaraminsu 19. Shugaban dutin ranar, wanda a bakin masu aikin kuza za a ce da shi heluma, sunansa Luwis Urzuwa. Shekarunsa 54, ya yi wajen shekara 30 yana aikin haƙa, amma a wannan rami bai fi 'yan watanni da kama aiki ba.

Abin da suke da shi shi ne wani ɗan ɗaki da aka tanada don ranar hatsari, ana ce da shi mafaka. Abincin da ke ciki na kwana biyu ne ko uku. Ga duhu, ga zafi kamar tsakiyar bazara, ruwan sha kuwa sai wanda aka tara don injuna, mai warin mai. Haka suka zauna kwana 17, ba wanda ya sani a sama ko suna da rai.

Tsanin Da Ba A Ƙarasa Ba

Kafin mu zo kan heluman, akwai shugabannin da ba su cikin ramin, amma aikinsu yana ciki. Ramin yana da wata kafa da ta miƙe sama don shan iska. Wasu daga cikin mutanen suka kama hawa ta nan, sai suka tarar tsanin bai kai ba. Ga shi kuwa an taɓa rufe wurin a 2007 bayan wani hatsari da ya ci rai, aka sake buɗe shi a 2008, tsanin nan yana cikin abin da hukuma ta ce a sa. Bayan kwana biyu dutse ya sake zubowa, ya rufe kafar gaba ɗaya.

Nan ne farkon riƙon amana, wurin da ba mai gani. Ba a yi wa shugaba tafi don ya sayi sabuwar taya ya cire wadda ta suɗe, ko don ya tabbata akwai safar hannu a ɗakin haihuwa, ko don ya sa an gyara wayar lantarki da ta zare a ɗakin aiki. Kuɗi ne ke fita, riba ba ta nunawa. Shekara biyar tana iya wucewa ba abin da ya faru, har mutum ya ce ai ya yi dabara. Amma direban da aka tura Legas da suɗaɗɗiyar taya yana da mata da ke jiransa. Mukan gane shugaban da ya ɗauke mu mutane ta wurin abin da yake kashewa domin ranar da ba ya fatan zuwanta.

Gaskiya Ko Da Ɗaci

Da ƙura ta lafa, Urzuwa ya tafi da wasu suka duba inda hanya ta toshe. Da yawa cikin mutanen suna tsammanin kwana ɗaya ko biyu za a buɗe. Shi kuwa da ya ga irin dutsen, ya san ba fitar yau ko gobe ba ce. Bayan sun fito, 'yan jarida suka tambaye shi yadda ya riƙe mutanen, sai ya ambaci abu biyu: faɗin gaskiya, da bin abin da mafi yawa suka zaɓa.

Waɗanda ke sama ma sun bi wannan hanya. Da aka same su, injiniyoyi suka ƙiyasta aikin fid da su zai iya kai wata huɗu. Aka yi ta shawara ko a gaya musu. Daga bisani aka gaya musu a fili cewa ba za su yi bikin ranar 'yancin ƙasarsu na 18 ga Satumba a gida ba, amma ana sa rai za su fito kafin Kirsimati. Mutanen suka karɓi maganar, suka shirya zama.

Mun ga irin wannan da idonmu. A wata ma'aikata da muka taɓa yin aiki, albashi ya maƙale. Kullum manaja yakan fito da murmushi ya ce, "Ku yi haƙuri, gobe ko jibi." Bisa ga wannan gobe mutane suka ci bashin mai shago, suka yi wa mai gidan haya alkawari, suka ce wa yara kuɗin makaranta yana hanya. Gobe ta ƙi zuwa, mu muka zama maƙaryata a unguwa. Ran nan sai mataimakinsa, wani dattijo marar yawan magana, ya tara mu ya ce, "Jama'a, kuɗin nan ba za su fito ba sai bayan wata biyu. Ga dalili, ga kuma abin da muke yi a kai. Kowa ya san abin da zai gaya wa iyalinsa." Ran nan ba wanda ya yi dariya. Amma da muka koma gida, matanmu suka san yadda za su auna hatsi, masu gona suka koma gona, masu ɗinki suka jawo keke. Tun daga ranar, in dattijon nan ya ce abu fari ne, ba mai zuwa dubawa. Shugaban da ke ɓoye wa mutanensa mugun labari yana ce tausayinsu yake ji. Sau da yawa fuskokinsu yake tsoron gani.

Farar Hula

A ramukan haƙa na ƙasar, launin hular kwano yakan nuna matsayin mutum, fara ita ce ta shugaba. Wani marubuci mai suna Hekta Tobar ya zauna da mutanen nan, ya ji labari daga bakinsu, littafinsa ya fito a 2014. Ya ba da labari cewa tun a kwanakin farko Urzuwa ya tuɓe farar hularsa a gaban jama'a, ya shaida musu yanzu ba shugaba ba lebura, duk ɗaya suke. Daga nan kowace babbar shawara sai an jefa ƙuri'a. Su 33 ne, in mutum 17 suka yarda da abu, ya zauna.

Ba dukansu suka ji daɗin wannan ba. Akwai waɗanda suka ɗauka ya yar da kayan da aka ɗora masa, daidai lokacin da ake bukatar mai tsawa. Mu ma mun san irin wannan gunaguni, gama wasunmu sun saba ba su ganin shugaba sai ya daka musu tsawa. Amma mu dubi inda suke. Hular nan tana da ƙarfi muddin akwai ofis a bayanta, inda za a yanke wa mutum albashi ko a kore shi. A zurfin mita 700, wa zai ji tsoron kora? Abin da ya rage masa shi ne yardar mutanen, ita kuwa ba a ƙwatarta da ƙarfi.

Da ya matsa gefe, sai baiwar waɗansu ta fito. Mariyo Sefulbeda, mai yawan surutu da ban dariya, ya shiga gaba wajen rabon abinci da ƙarfafa masu karaya. Hose Enrikez, wanda ya saba wa'azi a ikilisiyarsu, ya riƙa bi da su cikin addu'a kowace rana. Wani da ya koyi yin allura wajen jinyar mahaifiyarsa ya zama likitansu. Shi Urzuwa ya san aikin awon ƙasa, sai ya duƙufa wajen zana taswirar ramin, ya kuma zama bakinsu wurin injiniyoyin da ke sama.

Sau nawa muka ga shugaba yana kishin yaronsa? In ƙaramin akawu ya kawo shawara mai kyau, sai a danne ta, bayan wata biyu ta fito da sunan oga. In malama ta fi hedimasta iya tafiyar da iyayen yara, sai a nemi yadda za a yi mata canjin wuri. Irin wannan shugaba yakan wayi gari ba kowa kewaye da shi sai 'yan amshin Shata. Wanda ya san kansa ba ya jin tsoron a ce wane ya fi shi iya kaza. Shi ne ma zai fara faɗa.

Cokali Biyu

A daren farko, yunwa da tsoro suka sa wasu suka fasa ma'ajin abinci suka ɗebi biskit da madara. Da an bar abin haka, cikin kwana uku ba sauran kome, masu ƙarfi sun ci, raunana sun kwanta. Sai aka ƙirga abin da ya rage, aka yanka wa kowa rabonsa: kifin gwangwani cokali biyu, da kurɓin madara, da ɗan biskit, sau ɗaya cikin kwana biyu. Abincin kwana biyu ko uku ya kai su fiye da mako biyu. Kowannensu ya rame, ana ƙiyasta wajen kilo 8, amma ba a rasa ko mutum ɗaya ba.

Me ya sa mai jin yunwa zai ga gwangwani a gabansa ya haƙura? Domin ya tabbata cokalin da aka auna masa da shi, shi aka auna wa heluma. Cikinsu akwai baƙo guda, mutumin Bolibiya, ƙasar da ke da tsohuwar jiƙaƙƙa da Cile tun yaƙin da ya tashi a 1879, wanda ya raba Bolibiya da bakin teku. Shi ma cokalinsa biyu, ba ragi.

Mun taɓa zama da wani hedimasta wanda in kayan makaranta suka zo, alli ne, littattafai ne, ko buhunan abincin ɗalibai, ba ya bari a kai sito sai an kira malamai an ƙirga a gabansu, an rubuta, mutum biyu sun sa hannu. Wasu suka ce ɓata lokaci ne. Amma shekara da shekaru ba a taɓa jin ƙishin-ƙishin a kansa ba, ranar da kaya suka kasa kuwa, ba wanda ya ce shi ya ci. Ma'aikaci yana iya jure ƙaramin albashi. Abin da ke kashe masa zuciya shi ne ya ga an ce babu kuɗin gyaran rufin ofis, ga shi an sake wa oga kujeru. Ko ya ga ƙarin girma yana bin dangi da 'yan garinsu da waɗanda suke sujada wuri ɗaya da mai sa hannu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Sata da lalaci a wurin aiki sukan shigo ta tsagar da shugaba ya yi da hannunsa.

Tambayar Farko

Ran Lahadi 22 ga Agusta, bakin injin haƙa, irin mai haƙa rijiyar burtsatse, ya ɓullo kusa da mafakar. Da aka jawo shi sama, sai ga 'yar takarda ɗaure a jikinsa, an rubuta da jan alƙalami cewa suna lafiya cikin mafaka, su 33. Matansu da 'ya'yansu, waɗanda suka kafa bukkoki a bakin ramin tun ranar farko, suka ɓarke da kuka da guɗa.

Da aka zura musu waya, Urzuwa ne ya yi magana da ministan ma'adinai. Mutumin da ya kwana 17 cikin yunwa, cikin abubuwan da ya fara tambaya har da labarin abokan aikinsu da ke kan hanyar fita lokacin da dutsen ya faɗo. Da aka ce duk sun tsira, ramin ya ɗauki sowa. Makiyayi na ainihi ba ya kwanciya sai ya ƙirga garkensa. Muna da shugabanni da suka san lambar kowace mota a ma'aikata, amma masinjansu ya yi mako uku ɗansa yana asibiti ba su sani ba.

Bayan wannan aka riƙa zura musu abinci da magani ta siririn bututu. Duk da haka ba a bar su zaman banza ba. Aka raba su ƙungiya uku, kowace tana da lokacin aiki, da na hutu, da na barci. Suna karɓar kayan da aka zuro, suna share wurin, suna kwashe tsakuwar da injin ke zubowa. Da fitilu suke raba dare da rana. Tausayin shugaba bai hana shi sa mutane aiki ba. Zaman kashe wando yana cin zuciya fiye da gajiya, a rami ko a ofis.

Miƙa Duti

Ran 9 ga Oktoba babban injin ya ƙarasa huda hanyar da mutum zai iya bi. Aka ƙera wani dogon keji na ƙarfe, faɗinsa ya ɗara rabin mita kaɗan, daidai mutum ɗaya a tsaye. Ran Laraba 13 ga Oktoba, jim kaɗan bayan tsakar dare, aka jawo na farko. Haka aka yi ta jawo su ɗaya ɗaya har dare ya sake yi. Kowa ya san dutsen da ya zubo sau biyu yana iya zubowa na uku, wanda ya daɗe a ƙasa shi ya fi shiga hatsari. Cikin su 33, Luwis Urzuwa ne ya fito daga baya, bayan kwana 69.

Shugaban ƙasar na lokacin, Sabastiyan Finyera, yana tsaye a bakin ramin. Urzuwa bai ba shi labarin jaruntakarsa ba. Ya yi abin da heluma yakan yi in lokacin tashi ya yi: ya ce ya miƙa masa dutin, yana kuma fata irin wannan ba za ta sake faruwa ba. Mutum 32 suka maƙale tare da shi ran 5 ga Agusta, ya mayar da 32.

Mun saba ganin akasin haka. Ranar rabon alawus sunan oga ne a sama, ranar bincike kuwa sai a nemi ƙaramin akawu a ɗora masa. Amma mun taɓa aiki da wata babbar nas wadda, sa'ad da wata sabuwar yarinya ta yi kuskure a takardar magani, ta je gaban likita ta ce, "Ɗakina ne, ni ya kamata in duba." Sa'an nan ta ja yarinyar gefe, inda ba mai ji, ta yi mata faɗa sosai, ta kuma koya mata. Babba juji ne. Wanda ba ya so a zuba masa shara, kada ya karɓi kujerar.

Labarin Cile bai ƙare da daɗi duka ba. A 2013 masu gabatar da ƙara suka rufe bincike ba tare da an tuhumi kowa ba. Da yawa cikin mutanen sun yi fama da firgita da rashin barci, wasu da rashin aikin yi, bayan 'yan jarida sun watse. Heluma nagari ya fid da su da rai, amma bai iya mayar musu da abin da rashin tsani ya ci ba.

Ya ku masu karatu, kada mu ce wannan magana ta manyan manajoji ce. Uwargidan da ke da 'yar aiki shugaba ce. Birkila mai lebura biyu, da tela mai yara masu koyo, da manomin da ya ɗauki 'yan ƙodago, da direba mai yaron mota, duk an danƙa musu wani. Kowannenmu ya tambayi kansa: ina gaya musu gaskiya in abu ya ɓaci? Mudun da nake auna wa kaina, shi nake auna musu? Akwai tsanin da na san bai kai ba, na yi shiru don kuɗinsa? In an zo bincike, ni ke shiga gaba ko su nake turawa? Mu da ke gida kuma, in an ƙara wa maigida ko uwargida girma, kada mu matsa musu da bukatun da albashinsu ba zai ɗauka ba, gama sau da dama hannun da ke shiga sito daga gida aka tura shi.

Allah ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, ya kuma sa waɗanda ke ƙarƙashinmu su ambaci sunanmu da alheri a gidajensu. Amin.